Makon da Na Rufe Sito Ana Ruwa

A gidanmu na Gwarzo ba a taɓa gyaɗar iri sai an ga hadari. Ana barinta cikin ɓawonta a ɗakin ƙasa mai rufin azara, inda ko da tsakar rana za ka ji sanyi yana taso maka ta tafin ƙafa. Nan take kwance tun kaka har ƙarshen bazara. Sai gabas ta fara yin baƙi sannan mata su baza tabarmi, su ɓare ta da hannu, suna hira suna ware motsattsiya gefe. Na san wannan tun kafin in san alif. Duk da haka ni ce na karya shi, ina da shekara arba'in da 'yan kai, da hankalina, ba wanda ya sa ni. Ina so ku fara riƙe wannan, ku 'ya'yana, kafin mu zo kan maganar kawunku Sabi'u, domin abin da kuke ji a bakin dangi guntu ne.

Da tiya biyu ta gyaɗa na fara, ina yin ƙuli-ƙuli da mai a bayan ɗakina. Shekarun da na yi a bakin kasko su suka koya mini gyaɗa: wadda ta ƙosa a ƙasa, wadda aka cire da wuri, wadda ruwa ya taɓa a shanya. Daga nan na lura cewa a kaka manomi yana sayar da gyaɗarsa har da wadda ya kamata ya ajiye, saboda hidima ta taso masa, in damina ta zo kuma ya fito neman iri ido rufe. Sai na fara saye ina ajiyewa. Buhu uku, buhu bakwai, buhu ashirin. Har ta kai a Mainika da Kutama, da can Gude ta wajen Kabo, in mutum ya ce irin Hajiya Abu ya shuka, ba a sake tambayarsa komai.

Amma ni ban taɓa zama a kasuwa ba. Ina cikin gida. Ƙafafuna da idanuna a waje Sabi'u ne, ƙanena da na goya a bayana. Shi yake hawa mashin ya shiga ƙauyuka, shi ya san wane manomi ne yake jiƙa buhu don ya yi nauyi, wane ne kuma in ya ce gobe to goben ce. Yana da bakin ciniki irin wanda mutum zai zo da faɗa ya koma yana dariya. Shekara goma sha ɗaya muna haka: ni in yanke, shi ya aiwatar. Ban taɓa zama na yi tunanin yadda wannan tsari yake a wajensa ba. Abin yana tafiya, sai na ɗauka daidai yake.

Shekarar da nake ba ku labari, na gina sito a bakin titi, na bulo da siminti, da rufin kwano mai ƙyalli. Ranar da aka gama babanku ya kai ni na gani da yamma. Na tsaya a tsakiyarsa babu kowa, na yi gyaran murya, muryar ta dawo mini. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Na riƙa ganin buhuna sun cika shi har sama, motoci suna tsayawa a ƙofa, alhali ba komai a ciki sai warin siminti. Da kaka ta yi na sayi gyaɗa fiye da ko wace shekara, sai ya zama da ɓawonta ba za ta shiga ba. Ga mai injin ɓare gyaɗa yana neman aiki da sauƙi. Na ce a ɓare duka, a ɗura, a jera. Buhu sittin cif, tun daga ƙasa har suna taɓa kwano.

Sabi'u ya kira ni a waya ranar da ake jerawa.

“Yaya, kwanon nan fa da rana kamar murhu yake. Na sa hannu a buhun sama, sai da na janye.”

“To ka daina sa hannun,” na ce masa. “Gyaɗa ce, ba man shanu ba.”

Ya yi dariya, ni ma na yi, aka wuce wurin. Da bazara ta yi tsakiya gara ta fara bin bango, sai na ce ya samo 'yan dako su sauke kayan duka, a shimfiɗa katako, a sake jerawa. Suka yi aikinsu yadda ya zo hannu. Na sama ya koma ƙasa, na tsakiya ya koma gefe. Daga ranar babu mahalukin da zai iya nuna maka buhun da ya sha zafin kwano da wanda bai sha ba.

Kakarku Inna tana wajenmu a lokacin, tun bayan rasuwar Baba. Idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta komai ba. Wata safiya, hadari ya fara leƙowa yana komawa, Sabi'u ya kawo mata tiya guda daga sito don kunun gyaɗa. Tana zaune a inuwar darbejiya tana tsincewa, sai na ga ta tsaya. Ta murza ƙwaya ɗaya a tsakanin yatsu, jar fatar ta saluɓe kamar an soya. Ta kai baki ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata.

“Abu, wannan ta ci ce ko ta shuka?”

“Duk ɗaya ce, Inna. Daga sito take.”

“To wannan dai ta mutu. Ku yi mata salla.”

Na ce tsufa ne. Ta sa aka ɗebo mata hannu guda daga wani buhu, hannu guda daga wani, ta naɗe kowanne a jiƙaƙƙen tsumma ta tura ƙarƙashin randa. Kwana huɗu muka buɗe. Tsumma ɗaya ya cika da fararen saiwoyi, sun huda zaren suna neman hanya. Ɗayan kuwa uku ne kawai suka motsa, sauran sun kumbura sun yi yauƙi, suna wari.

Da la'asar muka zauna a tsakar gida, ni da Inna da babanku da Sabi'u, tsummokaran nan biyu a gabanmu a kan faifai. Abin da muka sani kaɗan ne: akwai matacciya a cikin sittin ɗin nan. Ko buhu biyar ne, ko arba'in, Allah kaɗai ya sani. Kuma ruwa yana iya sauka ko yaushe. Ku da ba ku yi wannan sana'a ba, ku gane cewa cinikin iri na shekara guda cikin kwana bakwai ko takwas ake yinsa. Ruwa mai kyau ya sauka, ƙasa ta jiƙa, kowa ya fito lokaci ɗaya. In makon ya wuce, irin da ke hannunka ya koma gyaɗar miya.

Sabi'u ya riga ya yi tunaninsa tun a hanya.

“Yaya, ga abin da za a yi. A zazzage duka a ƙasa, a gauraya sosai, a sake ɗurawa. Mu rage kuɗin tiya, mu gaya wa kowa gaskiya: bana ku zuba uku a rami maimakon biyu. Ba wanda zai kwashi matacciya zalla. Kowa ya ɗan taɓa, ba wanda ya faɗi.”

“In rabi ce matacciyar fa?”

“Ba rabi ba ce. Layi biyu na buhunan sama ne suka taɓa kwano. Ni na jera, da idona na gani.”

“Zafi a layi biyu yake tsayawa? Ka auna shi?”

“Ke kin auna?”

Babanku ya ce shi malamin makaranta ne, gyaɗa a cikin kunu ya san ta, amma duk abin da aka yanke a yi shi da tsoron Allah. Inna ta ce tsumma saiwa kawai yake nunawa. Akwai ƙwayar da za ta fid da saiwa amma ba ta da ƙarfin ɗaga ƙasa da kanta. In ana son gaskiyar kowane buhu sai an tambayi ƙasa, ita kuma ba ta amsawa ƙasa da mako guda.

Na zuba wa faifan ido. Abin da nake gani ba tsumma ba ne. Gona nake gani, wata gona da ban taɓa takawa ba, a can wajen Kutama, an yi mata huɗa mai kyau, mai ita yana tsaye da sassafe bayan kwana goma yana duban layuka, tsiro nan ɗaya, can ɗaya, tsakani fili. Na kasa kawar da mutumin nan daga idona, ko fuskarsa ban sani ba.

“A rufe sito,” na ce. “Ba za a sayar da ko tiya ɗaya ba sai an gwada kowane buhu a ƙasa.”

“Yaya, dubi gabas.”

“Na gani.”

“Ki saurare ni ki ji. Mutanen nan ni suke gani, ba ke ba. Ni zan tsaya a gaban ƙofa a kulle in ce musu me?”

“Ka ce musu ni na ce.”

Ya dube ni, ya dubi Inna, ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa ya sa. Ya tashi ya fita. A lokacin na ɗauka ya yarda ne.

Washegari Sabi'u ya rubuta wa kowane buhu lamba da gawayi, ya ɗebo ƙwaya ashirin daga kowanne ya ƙulla a leda. A garkar bayan gida, inda nake shuka rama da kuɓewa, muka ja gajerun layuka sittin, kowane layi da karan dawa a kansa mai ɗauke da lambarsa. Da hannuna na binne su. Muka yi ban ruwa da bokiti. Kwana biyu da yin haka, da hantsi, iska ta juya. Na ji ƙanshin ƙasa tun kafin ɗigon farko, ƙanshin nan da tun ina yarinya yake sa ni in rasa abin da nake yi. Ruwa ya sauka kamar an buɗe masa ƙofa, ya yi ta yi har bayan azahar. Duk garin ana murna. Ni ina tsaye a bakin ɗaki, ina jin kamar ana kiran sunana a wani wuri mai nisa kuma ba ni da halin amsawa.

Da gari ya waye wayata ba ta huta ba. Waɗanda suka samu sito a kulle suka biyo gida. A cikinsu har da Malam Ɗanjuma na Gude, wani dattijo da ya fi shekara takwas ba ya shuka irin kowa sai nawa. Ya yi sallama a zaure, na sa hijabi na tsaya daga bakin ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi maigida da Inna da yara, na tambayi iyali da hanya, muka yi wa juna barka da ruwa.

“Hajiya, lafiya kuwa? Na je sito na tarar da kwaɗo ya fi kaina girma. Na ce ko kin yi kuɗi ne kin daina kula talakawa.”

“Ina fa, Baba. Gyaɗar ce nake shakka.” Na gaya masa komai, ban rage ba.

Ya jima yana shafa gemu.

“To ki ba ni a hakan. Ni na yarda. In ta ƙi, tsakanina da Ubangijina.”

“In ta ƙi, Baba, damina ba za ta dawo maka ba. Ka ba ni kwana biyar.”

“Ni zan ba ki, Hajiya. Ƙasar ce ba ta san ni da ke ba. Yau da gobe take da laima.” Ya miƙe yana kakkaɓe riga. “Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma dai tsohon nan sai ya shuka wani abu gobe, ko da tsakuwa ce.”

Ya tafi ya saya a wajen wasu da suka kawo iri daga Kano a mota. Haka kowa ya yi. Ban ga laifinsu ba.

Kwanakin da suka biyo baya, in na tuna su yanzu, kamar ba a duniyar nan na yi su ba. Da na idar da sallar asuba sai in ɗauki kujera 'yar tsugune in tafi garka. Ƙasa baƙa, a jiƙe, shiru. Karare sittin a tsaye kamar mutanen da suka zo gaisuwa suna jiran a yi musu iso. Ina jin ƙarar mashina a titi ɗauke da buhunan wasu, amma sautin yana zuwa mini kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni a inuwa, in ga kaina a cikin ƙasar, ƙarama, a cikin duhu mai ɗumi, ina tura wani abu mai nauyi da kaina. In farka in tarar Inna ta zo ta zauna kusa da ni tana jan carbi. Na yi shekaru ina saye da sayar da iri, amma ban taɓa zama na jira shi ba. A makon nan na san abin da manomi yake saya a hannuna.

Rana ta shida da binnewa ƙasa ta fara tsagewa. Ba ka ganin tsiron tukuna, sai dai ɗan tudu da ya fashe, kamar wani ya taɓa daga ciki. Rana ta takwas garka ta yi kore. Na aika aka kira Sabi'u, wanda duk makon yana zuwa gaida Inna amma ba ya leƙowa baya. Muka bi layukan tare, yana tsugunawa yana dubawa, ni ina riƙe da takarda. Layi tara ne suka ƙi. Sauran hamsin da ɗaya sun fito lafiya lau, wasu ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Ya miƙe daga layin ƙarshe, ya goge hannu a wando.

“Tara,” ya ce. “Kusan layi biyun da na faɗa.”

Gaskiyarsa ce, kuma ina so ku ji ta daga bakina. Da an bi shawararsa an gauraya, an zuba uku a rami, ba gonar da za ta yi fili. Da mun sayar da kayanmu, manoma sun samu irin da suka saba, kowa ya kwana lafiya. Dabararsa ta fi tawa a shekarar. Abin da kawai zan ce wa kaina shi ne, ranar da muka zauna a tsakar gida ba mu san tara ba ce. Na yanke a kan abin da zan iya ɗauka in ya ɓaci, shi kuma ya yanke a kan abin da ya fi zaton zai faru, kuma ya fi ni sanin siton. Har yau in aka maido ni ranar ban tabbata wanne zan ɗauka ba.

Muka buɗe sito, amma an gama shuka. 'Yan tsirarun da suka makara suka ɗauki buhu shida ko bakwai. Sauran, iri mai rai, na sayar wa mata masu mai da ƙuli-ƙuli a farashin gyaɗar ci. Abin da na tara a shekaru ya zube fiye da rabi. Wannan bai kashe ni ba. Na taɓa farawa da tiya biyu, na san hanya.

Bayan an kwashe buhun ƙarshe, wata ranar da azahar, Sabi'u ya shigo. Inna tana barci a ɗakinta. Ya same ni a rumfa, ya gaishe ni a tsugune kamar kullum, sannan ya ciro makullin sito ya ajiye a gefen tabarmata.

“Na samu ɗan shago a Kabo, Yaya. Zan gwada nawa.”

“Saboda asarar nan? Za mu mayar, Sabi'u. Shekara biyu.”

“Ba asarar ba ce. Asara ai ta kasuwa ce, yau mu gobe wasu.” Ya dubi makullin. “Na ce miki kwanon yana da zafi, kika ce ba man shanu ba ce. Na ce miki layi biyu ne, kika ce ban auna ba. An tambayi tsumma, an tambayi ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a cikin kayan nan, Yaya. Ko sau ɗaya ki ce, Sabi'u, kai me ka gani, kuma ki jira in gama.”

Na so in ce ya zauna, mu raba siton biyu, mu raba shawarar ma. Amma ni ce babba, ni na goya shi, sai girman ya riƙe mini harshe. Abin da ya fito shi ne:

“Ka ci abinci?”

“Na ci. A gaida Malam in ya dawo.”

Ban kore shi ba, bai kuma ɗauki ko allurata ba, duk wanda ya gaya muku ɗaya daga cikin biyun nan bai san komai ba. Ya yi arziki a Kabo da hannunsa, kun gani. Muna zumunci, yana zuwa da salla, amma bai sake ba ni shawara a kan ko da tiya ɗaya ba, ni kuma ban taɓa iya roƙonsa ba.

Na bi shi har bakin zaure ranar. Mashin ɗinsa yana jingine a jikin bango, daidai tagar Inna. Bai tayar da shi ba. Ya kama shi ya tura a ƙasa a hankali, cikin taɓon da ruwa ya bari, don kada ƙarar ta tashe ta. Ina tsaye ina kallon bayansa, da sauran lokacin da zan kira shi, har ya sha kwana. Sai can na ji ya tayar.